Rana Ta Ashirin Da Shida

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Eh, gaskiya ne, na gudu na bar mahaifiyar saurayina zaune a falonmu, na shige ɗakin ajiya na sa sakata. Ban musa ba. Amma wadda aka yi wa abin ba ta zage ni ba, don haka ku ma ku ɗan sassauta mini.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, ni ce Auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, ina aikin duba kurakurai a wata maɗaba'a, wato ni ce mai zama a ɗakin sama da jan biro ina farautar waƙafin da ya ɓace. Shekara huɗu da suka wuce wata likita ta faɗa mini sunan abin da nake fama da shi tun ina ƙarama, otizim. Kafin nan sunayensa a gidanmu suna da yawa: miskilanci, iyayi, taurin kai, in kuma Gwaggo ce ke magana, aljanun Auta.

Ni dai abin da na sani shi ne duniya tana shigo mini da ƙarfi. Ƙarar da ku ba ku ji, ni ina ji. Ɗinkin cikin riga yana cizona. Amma ba kullum abin yake kai ɗaya ba, kuma a nan ne labarin yake. Daga ranar da na yi tsarki zuwa tsakiyar wata, wallahi ni mutum ce mai daɗin zama, har kasuwa ina shiga in yi ciniki in yi dariya. Da zarar an kai rana ta ashirin da uku, in ana ƙirgawa daga ranar da al'adata ta fara, sai komai ya ƙaru. Fanka ta fara ƙwanƙwasa mini kai. Farin ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa a idona. Sabulun da na yi wanka da shi jiya lafiya lau, yau ya tayar mini da zuciya. Hannun mutum a kafaɗata kamar an ɗora mini dutsen guga. Haka zan yi ta fama har jinin ya zo, a kwana na biyu sai abin ya fara sauka.

Likitar ta ce ba ni kaɗai ba ce, mata da yawa irina suna kawo mata wannan kukan, sinadaran jikin mace ne ke sauka gab da al'ada su tafi da ɗan ƙarfin da muke tare duniya da shi. Ta ce in riƙa rubutawa. Tun daga nan nake da ƙaramin littafi a jakata, ranakun wahala ina zagaye su da jan biro.

Samari biyu na rasa a cikin jan zagayen nan. Na farko ya kai ni gidan cin abinci mai kiɗa a rana ta ashirin da biyar, na toshe kunne na fice, ya aiko cewa ba ni da tarbiyya. Na biyu ko aike bai yi ba.

Sai Allah ya kawo Injiniya. Mai gyaran wutar lantarki ne, Umma ce ta ɗaga masa girma da wannan sunan. A wurin aiki muka haɗu. Na yi kwana uku ina cewa soket ɗin bayan kabad yana fito, kowa yana dariya, manaja ya ce in rage shan shayi. Injiniya ya zo gyaran wani abu dabam, ya ji ana tsokanata. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Nuna mini daidai wurin.” Ya kashe wutar ɗakin, ya kwance soket ɗin, sai ga waya ta ƙone ta yi baƙi har ta fara cin katako. Ya juyo ya ce wa manaja, “Da ni ne kai, da na ƙara mata albashi.”

Ku gaya mini, wace ce ba za ta so wannan mutumin ba? Wata takwas muna tare. Ya san da otizim ɗina, ya san ba na son a kira ni ba zato, sai dai a rubuto. Abu ɗaya ne bai sani ba, maganar jan biro. Ta ina mace za ta fara yi wa namijin da ba mijinta ba zancen al'ada?

Ranar Litinin Umma ta shigo kicin fuskarta kamar an yi mata albishir da mota. Ta ce mahaifiyar Injiniya za ta zo ganina ranar Asabar bayan la'asar. Ban ma buɗe littafin ba, na riga na ƙirga a kaina. Rana ta ashirin da shida.

“Umma, a ɗaga zuwa Asabar ta sama.”

“A ɗaga me?”

“Zuwan. Ya faɗo a kwanakin nan nawa.”

Umma ta ajiye ludayi. “Auta, ni mace ce, Gwaggonki mace ce, matar da za ta zo ma mace ce. Wa kika taɓa ji an ɗaga wa baƙi saboda al'ada? Wadda ma ba ta zo ba tukuna?”

“Kafin ta zo ɗin ne ya fi muni.”

“Mun riga mun ɗaga sau ɗaya lokacin fentin falo. In muka sake, cewa za su yi muna ja musu aji. Biyu sun tafi, Auta. Ina kwana da abin nan a raina. Awa biyu ce kawai, ki daure.”

Ki daure. Da ana cin wannan kalmar, da na fi kowa ƙiba a gidanmu.

Ranar Laraba a lokacin hutun rana na zauna da waya a hannu. Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Daga ƙarshe na ɗauki hoton shafi uku na littafin, na tura masa, na rubuta a ƙasa: “Wannan lissafin watana ne. Ka gane irin watan da nake nufi. Asabar tana cikin ja.” Na kife wayar a tebur, kunya kamar ta kashe ni.

Minti goma sha ɗaya bai amsa ba. Na gama yanke cewa na uku ma ya tafi. Sai wayar ta yi motsi.

“Na gane. Yi haƙuri, ina kan tsani ne. Jan shi ne masu wuya?”

“Eh.”

“Wanne ya fi ciwo, ƙara, haske, wari ko taɓawa? Jera mini daga babba zuwa ƙarami.”

Na kalli saƙon nan na ji hawaye. Babu “Allah sarki”, babu “ai duk mata haka suke”. Yadda yake tambayar masu gida inda wuta ke tartsatsi, haka ya tambaye ni. Na jera masa: taɓawa, wari, ƙara, haske.

“In roƙi Malama ta ɗaga?”

“Umma za ta san ni ce.”

“To in gaya wa Malama dalili?”

“A'a. Don Allah kada ka gaya wa kowa.”

“Ba zan faɗa ba. Amma ki sani ban ga dabara a ɓoyewar ba. Malama tana da murya, tana da turare, kuma tana rungumar mutane.”

Malama ita ce mahaifiyarsa. Shekara talatin da ɗaya tana shugabar wata makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya, har 'ya'yanta Malama suke ce mata. Ya taɓa ba ni labari cewa ba ta taɓa amfani da lasifika a taron safe ba.

Ranar Juma'a da yamma sai ga shi da tsaninsa da jakar aiki. Ya gaida Umma har ƙasa, ya ce yana so ya duba wayoyin falo kafin baƙi su zo. Ina leƙe ta labule. Ya cire fararen ƙwayayen fitilar nan guda huɗu ya sa masu laushi, ya ɗaure fankar da ke kaɗa kai, ya ɗiga mai a ƙofar da ke kuka. Ya tsaya tsakiyar falon ya rufe ido yana saurare, ya fi minti ɗaya. Sai ya nufi agogon bango ya zare batirinsa. Ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba. Umma sai sa masa albarka take yi, ta cika masa leda da lemo.

Asabar na tashi da ciwon mara da nauyin ƙirji, kukan tsuntsaye ma yana sokata. Na fito falo, sai na tarar da Umma a kan kujera da tsofaffin ƙwayayen fitilar a hannu.

“Yaron nan yana da kirki,” in ji ta, “amma ya mayar mini da falo kamar ɗakin mai jinya. Sabon fenti ai sai da haske.”

Ta mayar da batirin agogo ma. Ta feshe labule da kujeru da turaren ɗaki. Sannan ta fito mini da leshin da ta ɗinka mini a ɓoye, ruwan hoda, mai duwatsu a wuya, shafin cikinsa irin mai ƙaiƙayin nan. Na ce ko zan sa doguwar rigata ta auduga. Umma ta dube ni idonta ya kawo ruwa, ta ce wata biyu tana zarya wurin tela. Na karɓa na sa. Kada ku ga laifin Umma da yawa, duk abin da ta yi ranar nan so ne ya sa ta.

Gwaggo ta iso da azahar da wayarta mai kiɗan kira kamar na gidan biki. Ta ja kumatuna ta ce, “Yau dai a ɗaure aljanun nan a turke.”

Ƙarfe huɗu da rabi mota ta tsaya. Kafin in ga Malama na ji ta. Awarwaro bakwai a hannun dama, na ƙirga su da kunne tun daga ƙofar gida. Doguwa ce, kakkaura, da tabarau a goshi. Sallamarta ta cika gidan. Injiniya ya shigo a bayanta, ya ɗaga kai ya ga fitilun, na ga yadda fuskarsa ta faɗi.

“Wannan ce 'yar tawa? Zo nan.”

Ta rungume ni. Duwatsun leshin suka nutse a fatata, turarenta ya shige mini har maƙogwaro. Na daure. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba shayi, na amsa tambayoyi. Ina aiki? Maɗaba'a. Me na karanta? Na faɗa. Talabijin yana yi, cokalin Gwaggo yana buga kofi, agogo yana sara, fitila tana ƙyaftawa, ƙamshin soyayyen kifi yana shigowa daga kicin yana haɗuwa da turare biyu. Ina murmushi ina danna farcena a tafin hannu. Minti goma sha tara na yi.

Sai Malama ta jawo ni kusa da ita, ta kama haɓata, awarwaron suka zubo daidai kunnena.

“Ɗago ki kalle ni mana. Ni ba na son yarinya mai sunkuyar da kai.”

A daidai nan wayar Gwaggo ta ɗauki kiɗa.

Ban san lokacin da na fizge ba. Na ji kofi ya faɗi ya fashe. Hannuwana suna kan kunnuwana, wani sauti yana fita daga bakina wanda ba magana ba ne. Na bi ta baranda a guje, na faɗa ɗakin ajiya, na sa sakata. Na tuɓe rigar leshin na jefar, na zauna tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai, ina kai gaba ina kai baya a cikin duhu. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: shi ke nan, na uku.

Ina jin komai. Umma tana salati. Gwaggo tana cewa, “Na faɗa, ai na faɗa.” Sai muryar Injiniya, a hankali: “Umma, don Allah a kashe talabijin da fitilu. Kada kowa ya bi ta yanzu.” Sai Malama ta ce, “Kai, koma ka zauna.”

Takunta ya nufo baranda, awarwaro suna tafe. Na ƙanƙame jikina. Amma sai ta tsaya daga nesa. Na ji ƙaramin sauti a kan taga, ƙwas. Sai wani. Guda bakwai, ɗaya bayan ɗaya, awarwaronta take cirewa. Na ji an buɗe famfon baranda, ruwa yana zuba, ana goga sabulu, an daɗe ana gogawa. Sannan wani nauyi ya sauka a ƙasa a bayan ƙofar, da ɗan nishin gwiwa. Matar da ta haura sittin, da kayanta na fita, ta zauna a kan siminti.

Ba ta ce komai ba. Ta fi rubu'in awa. Numfashina ya fara dawowa daidai.

Da ta yi magana, da ƙyar na gane muryar, don ta mayar da ita ƙasa ƙasa.

“Na wanke wuyana da hannuwana. Turaren rigar ne ba yadda zan yi da shi. Yana isowa wurinki?”

“Kaɗan,” na ce.

Na ji ta ja baya.

“In tambaye ki abu ɗaya. In ba ki so, kada ki amsa. Kullum haka ne, ko da lokacinsa?”

Na ce, “Shi ya gaya miki?”

“Wannan? Tun a mota nake tambayarsa me ya sa yake zufa, ya ce zafi ne. Bai faɗa mini komai ba.”

Na ce, “Da lokacinsa. Kwana huɗu ko biyar kafin al'ada.”

Sai ta ce:

“Na taɓa yin wata ɗaliba. Ta fi kowa ƙoƙari a lissafi. A taron safe, in ana buga ƙararrawa ana waƙa, sai ta toshe kunne kamar yadda kika yi ɗazu, ta durƙusa tana kaɗa jiki. Na ɗauka raini ne, don wasu ranakun lafiya lau take tsayawa. Na ce tunda jiya ta iya, yau ma za ta iya. Sai in sa a fito da ita gaban makaranta in zane ta. A aji huɗu ta daina zuwa.”

Ta ja numfashi.

“Da zan yi ritaya ina kwashe kabad, na ci karo da littafin horo na shekarun nan. Ina buɗawa ina ganin sunanta. Na bi ranakun da yatsa. Duk sati huɗu. Duk sati huɗu, 'yata, kamar an sa agogo. Ni mace, mai 'ya'ya mata uku, da hannuna na rubuta ranakun nan, ban taɓa haɗa su ba. Na yi ta cigiyarta ban same ta ba. Yau kuma na zo gidanku na kama miki haɓa.”

Muryarta ta karye a kalmar ƙarshe.

“Ki yafe mini na yau. Na waccan ba ke za ki yafe ba.”

Ni da ba na iya kuka a gaban mutane, na kifa kaina a buhun shinkafa na yi mai isata. Na sha ganin manya sun yi kuskure. Ban taɓa ganin babba ya zauna a ƙasa ya faɗi nasa da bakinsa ba, ga yarinyar da ta fasa kofi a gabansa.

“In buɗe?” na ce.

“A'a. Zauna abinki. Ba sai na ga fuskarki yau ba.”

Ta miƙe da ƙyar, ta koma falo. Umma ta tare ta da rawar murya: “Malama, ku yi haƙuri don Allah. Ba ta jin daɗi ne yau. Wallahi ba haka take ba.”

“Haka take,” in ji Malama, da muryarta ta ainihi. “Na gani da idona, kuma ban fasa ba. Ke ma ki daina cewa ba haka take ba.”



Motar ba ta daɗe da tashi ba wayata ta yi haske a aljihun siket.

“Na tsaya a gefen titi. Malama kuka take yi, ban taɓa gani ba tunda aka haife ni. Ta ce in tambaye ki ranakun da suka fi miki sauƙi a wata, a cikinsu za a sa ranar aure. Kina lafiya? Ba sai kin amsa yanzu ba.”

Ina cikin karantawa karo na uku aka taɓa ƙofar, a hankali, da yatsa ɗaya. Na zare sakata. Umma ce, ɗankwalinta a hannu. Ashe tana tsaye a bakin baranda tun ɗazu, ta ji duk abin da Malama ta faɗa. Ta dubi rigar leshin a ƙasa, ta dubi jan sawun da duwatsun suka bari a wuyana. Ta miƙo hannu za ta taɓa, sai ta janye shi.

“Auta,” ta ce. “Ni sau nawa na dake ki a kan wannan?”

Jama'a, matsalar ke nan. Da wata ce, sai ta ce ta manta, a rungumi juna a wuce wurin. Ni ba na mantuwa, kuma ban iya ƙarya ba, Umma ta fi kowa sani. Na san adadin daidai, da ranakun, da rigar da ke jikina kowace rana.

Umma ta zauna a bakin ƙofar, inda Malama ta tashi, tana jira.